Ƙasa, kwano da siminti: yadda ɗakin zangon Kumasi ya koma tanda

 Maganar gini muka yi a shirin tarihi na wannan karo, kuma a Kumasi muka ya da zango, a yankin nan da ya taso daga fadar Manhyia ya bi ta Dichemso har filin jirgin sama, ya gangara Aboabo da Asawase da Sabon Zango. In ka taɓa rako shanu daga Paga zuwa mayankar Kaase, ko ka biyo motar albasa daga Galmi, da wuya a ce ba ka kwana a ɗaya daga cikin unguwannin nan ba. Ka kuma san ɗakin: bulo ta ko'ina, taga ɗaya, kwano a bisa ba sili, fanka tana juya iska mai zafi. In an ɗauke wuta kowa ya jawo tabarma tsakar gida, sauro ya samu na kalaci. Mutane suna cewa ai zafin kurmi ne. To amma Kumasi ba ta kama ƙafar Sakkwato ko Maraɗi a zafi ba. A watan da ya fi tsanani ma awonta bai cika wuce digiri 34 ko 35 ba, alhali Sakkwato tana haura 40 a watan Afrilu. Ɗakin ne aka gina shi yadda zai riƙe zafi, kuma akwai tarihin yadda aka yi aka kai ga haka, da na mutanen da suka daɗe suna neman gyara.

Mu fara da masu gari, wato Asante, waɗanda kakanninmu fatake suke kira Tonawa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Bowdich ya shigo Kumasi a 1817, ya zana gidajen da ya gani, ya kuma tarar da Musulmi, malamai da 'yan kasuwa, zaune a cikin gari suna shiga fada. Gidan wancan zamani ɗakuna huɗu ne suna kallon juna, fili a tsakiya. Ana kafa itatuwa, a saƙa gora a tsakaninsu, a cika da laka. Ana ɗaga daɓen ɗaki sama sosai har sai an taka matakala, a goge gindin bango da jar ƙasa, a shafe samansa da farar ƙasa. Jinkar kuwa a tsaye take, mai gangara sosai, ta zarce bango ta yi masa lema. Wasu ɗakunan ma ba su da bango ta gefen tsakar gida, a buɗe suke kamar rumfa. Ka duba hikimar: ruwa ba ya kwana a jinka, ba ya dukan bango, ba ya cin gindi, iska kuma tana ratsawa. Sojan Ingila ƙarƙashin Wolseley sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya ƙarasa mafi yawan abin da ya rage. Abin da ya tsira na irin wannan gini ɗakunan tsafi ne kamar goma a ƙauyukan kewaye, irin na Besease kusa da Ejisu, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980. Mu dai ba bauta za ta kai mu can ba, amma magini ya kamata ya je ya ga jinka.

Namu ginin na Arewa wata dabara ce daban. Tubali, bango mai kauri, azarar giginya, rufin soro da indararo, yaɓen makuba. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, ya san irin sanyin da ake nufi. Sirrin abin shi ne bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi. Da dare kuma sararin Arewa yana hucewa, bangon ya saki abin da ya sha, ya wayi gari da sanyi. Wannan sai inda iska take a bushe, inda rana da dare suke da rata. Kumasi ba haka take ba. Ruwanta na shekara ya kai kusan milimita 1,400, damina biyu take yi, Maraɗi kuwa wajen 500 take samu. Iska a jiƙe take, dare ba ya hucewa can can, gumi ba ya bushewa sai iska ta kaɗa jiki. Soron ƙasa a can zai sha ruwa ya rufto, ɗaki mai ƙaramar taga kuma ya zama kurkuku. Shi ya sa Bahaushe ya kai Kumasi harshensa da babbar rigarsa da tuwonsa da allonsa, amma bai kai soro ba.

Zangon da ka sani a yau bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. A da, a Salaga ta ƙasar Gwanja fataken Arewa suke tsayawa su sayi goro, sarakunan Asante ba sa barin kowa ya yi ta kutsawa kurmi yadda ya ga dama. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, Ingila ta kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, bayan 1900 hanya ta buɗe, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903. Hausawa da Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Kotokoli suka cika zango, kalmar da bakin mutanen can ya mayar "zongo". Da zama ya yi zama, ginin da aka fi ɗauka shi ne wanda ake kira atakpame, sunan wani gari ne a Togo inda maginan suke fitowa. Ana cuɗa jar ƙasa da ruwa, a ɗora ta sahu sahu, kowane sahu kamar kamu ɗaya, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Ba tubali, ba katako. Tsofaffin gidajen zango da yawa, in ka kankare fenti da filastar siminti, wannan jar ƙasa za ka tarar a ciki, tana nan tun zamanin kakan mai gidan.

Kwano kuwa jirgin ƙasa da kuɗin koko ne suka kawo shi. Kada mu zalunce shi. Ba ya cin wuta kamar jinka, a unguwar da tartsatsi guda zai iya cinye layi. Ba a sake shi duk bayan 'yan shekaru, ana kuma tarar ruwan sha da shi. Inda aka yi asara shi ne wajen ɗora shi. Da yake da kuɗi ake sayen kowane falle, sai aka kwantar da rufi, aka datse lemar da take kare bango, aka bar shi tsirara ba sili. Kwano tsirara da tsakar rana yana wuce digiri 60, kuma duk wannan zafi kan wanda yake ƙasa yake sauka.

Sai shekarar 1924. Annobar nan da ɓeraye suke ɗauke da ita, ƙuma ta cije su ta ciji mutum, ta ɓarke a Kumasi, zango kuma ya fi kowa jin jiki. Likitocin gwamnati suka ɗora laifi kan cunkoso da ƙazanta da gidajen da ɓera yake samun maɓoya. Aka rushe gidaje a tsohon zango, gwamnati ta gina Sabon Zango layi layi, a 1925 aka kafa hukumar lafiya ta gari mai ikon faɗin yadda za a yi gini da inda za a yi shi. Gaskiya ne ɓera yana rami a bangon ƙasar da aka yi wa sakaci. Amma abin da ya zauna a zukatan jama'a ya wuce abin da likita ya faɗa. Ya zauna cewa ƙasa kayan talaka ce, cewa gidan ƙasa shi ne wanda ɗan duba-gari, wanda a Gana ake ce wa tankas, zai iya tsayawa a ƙofarsa ya buɗe littafi. Baƙo kuwa, wanda kullum ake tuna masa cewa shi baƙo ne, ya fi kowa son gidan da ba za a raina ba. A ganina nan ne kunyar ƙasa ta samo tushe a zango, kuma har yau ba ta sake mu ba.

Abin mamaki, Turawan da kansu ne suka fara dawowa daga rakiyar wannan ra'ayi. Lokacin yaƙin duniya na biyu siminti da kwano suka yi wuya, don ta jirgin ruwa suke zuwa. Injiniyan garin Kumasi na lokacin, wani mai suna Alcock, ya shiga gwada cuɗa jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, da ita aka yi gwajin gidajen Asawase wajen 1945. Ka ji fa, Asawasen nan da take cike da 'yan'uwanmu, a matsayin filin gwajin gini mai araha ta fara. A wannan shekara ce kuma wasu masu zanen gine-gine, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, suka yi wa Kumasi tsarin gari, daga baya suka zana kwalejin Prempeh. In ka wuce ta can ka duba: gini dogo siriri, baranda, bango mai huji huji don iska ta wuce rana kuma ta tsaya a waje. Littattafai sun ba su suna a kan wannan salo. Amma mai ido ya san inuwa da ratsawar iska ba daga Landan aka kawo su ba, suna nan a gidan da Bowdich ya zana.

Daga nan 'yan ƙasa suka karɓa, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. An buɗe kwalejin fasaha ta Kumasi a 1952, ta zama jami'a a 1961, ita ce KNUST ta yau, wadda kowane ɗan kamasho a tasha yake kira Tek. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara koyar da zanen gine-gine a can. John Owusu Addo, ɗaya daga cikin 'yan Gana na farko a wannan fanni, shi da wani ɗan Yugoslabiya mai suna Miro Marasović suka zana masaukin ɗalibai na Unity Hall, aka gama a 1968. Bene ne mai tsawo, amma an tsara shi ya rayu da inuwa da iskar Allah. Wajen 1970 kuma sashen binciken gidaje na jami'ar ya ƙera wani injin hannu na matse bulon ƙasa, aka sa masa suna Tek, an ɗauko tunaninsa daga wani inji mai suna CINVA-Ram da aka ƙirƙiro a Kolombiya a shekarun 1950. Aikinsa ba wuya. A tankaɗe jar ƙasa, a zuba siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan yayyafa ruwa, a cika akwatin, mutum ya danne dogon ƙarfe da nauyinsa, bulo ya fito da kaifin baki. Ba wuta, ba fetur. A bar shi a inuwa ana yayyafa masa ruwa har ya yi ƙwari. Kowane maƙeri a Suame Magazine zai iya ƙera irinsa, jami'ar ma ta buɗe reshen koyar da sana'a a cikin Magazine ɗin a 1980.

A Fumesua, kan hanyar Ejisu, akwai cibiyar binciken gini da hanyoyi, BRRI, wadda ta faro a 1952 a Ankara, wato Accra, kafin ta dawo Kumasi. Masana 'yan Gana a can sun shafe shekaru a kan bulon da ake gasawa, da kuma wani gari da ake kira fozolana. Yumɓu ne ake gasawa da ɓawon ƙwarar manja, a niƙe, a gauraya da siminti, ya maye gurbin kusan kashi ɗaya cikin uku na buhu. Duk Bakanon da ya ji wannan zai yi murmushi, don ya san katsi. Dagwalon da ya kwanta a gindin karofi, marina suna kwashe shi a ƙona a daka, magina su haɗa shi da gashin jima da dafara su yi laso, yaɓen da ruwa ba ya ratsawa. Ilimi ɗaya ne, wannan a ɗakin gwaji, wancan a bakin rijiyar baba.

To me ya hana abin shigowa Dichemso da Aboabo, alhali Tek ba ta fi 'yar tafiyar mota ba? Nan ya kamata mu daɗe, don amsar ta shafi aljihunka.

A 1967 gwamnatin Gana da wani kamfanin Norwe suka kafa Ghacem, masana'antar siminti a Tema da Takoradi. Sai dai gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, wanda ake kira kilinka, daga waje ake shigo da shi, da dala. Shi ya sa duk ranar da sidi ya faɗi, kafin la'asar buhu ya tashi. Duk da haka bulon siminti ya ci kasuwa, saboda ya dace da yadda talaka yake gini. Kai ɗan kasuwa ka sani. Ba wanda yake gina gida a wata uku. Bana ka sayar da bijimai biyu ka buga bulo ɗari biyar ka jibge a fili, ka tafi. Baɗi ka dawo ka tarar da su, ruwa ya dake su damina biyu ba su narke ba, sun ma tsare maka filin kada wani ya sayar da shi sau biyu. Bulon siminti asusu ne. Bangon ƙasa kuwa in ka ɗaga shi dole ka rufe shi kafin ruwa, wato dole kuɗin rufi ya kasance a hannu tun farko. Masana sun auna ƙarfin bulo, sun auna sanyinsa, amma wannan lissafi na mai gini da guntu guntu bai cika shiga takardunsu ba. Ga kuma birkila. Shi da yawan bulon da ya jera ake biyansa, abin da ya koya wurin maigidansa ke nan, in ka kawo masa sabon abu ya rushe sunansa ne zai ɓaci, don haka zai ce maka "Alhaji, wannan ba ya ƙarko." Ɗan haya shi ma ya fi biyan kuɗi a ɗakin bulo.

Wutar lantarki ta ƙarasa aikin. An gama madatsar Akosombo a 1965, aka yi zamanin da ake ganin wuta ba za ta taɓa yankewa ba. In ɗaki ya yi zafi a sa fanka, mai hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki. Mai zane ya daina tambayar ta ina iska take zuwa. A zango kuma jama'a suna ƙaruwa fili ba ya ƙaruwa. Binciken da Graham Tipple da abokan aikinsa suka yi a Kumasi a shekarun 1980 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na iyalai a ɗaki ɗaya suke zaune. Gidan gado, magada goma sha, kowa yana son nasa. Sai a toshe baranda a yi ɗaki, a ci rabin tsakar gida a yi wani, a sare mangwaron da kaka ya shuka, a manna shago a jikin tagar baya. Ba na zargin kowa, haya ce abincin marayu a gidaje da yawa. Amma tsakar gida ita ce huhun gidan, kowane ɗakin da aka ƙara a cikinta numfashin sauran aka rage.

Akwai wani darasi da ya zo daga masallaci. Masu bin hanyar Tamale zuwa Wa ta Damongo sun san tsohon masallacin Larabanga. A shekarun 1970 aka yi masa filastar siminti da niyyar alheri, wai don a huta da yaɓe. Simintin ya kulle damshi a cikin bango, gara ta samu gida a itatuwan, gini ya fara ruɓewa daga ciki. Wajen 2002 aka shiga ceto shi, hukumar kayan tarihi ta Gana da masana ginin ƙasa na CRAterre daga Faransa da magina da mutanen gari, kuma babban aikin shi ne ɓamɓare simintin a koma yaɓen ƙasa. A Besease ma gyaran da aka yi shi ne mayar da doguwar jinka mai gangara a madadin kwanon da aka kwantar. Duk mai tsohon gidan atakpame a zango ya riƙe wannan: in ka ga filasta tana kumbura tana faɗowa ɓawo ɓawo a gindin bango, ƙara siminti ba magani ba ne. Nemi inda ruwa yake shiga.

Ranar biyan bashi ta zo da fari. Ruwan Akosombo ya ja baya a 1983, ya sake a 1998, ya sake a 2006 zuwa 2007. A wannan karo na uku gwamnati, ta hannun hukumar makamashi, ta raba ƙwan fitila mai tsimin wuta miliyan 6 kyauta, aka karɓe tsofaffin masu zafi, abin da ya rage wa ƙasa nauyin megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta. Daga farkon 2013 aka hana shigo da tsofaffin firji na gwanjo, aka kuma sa wa sababbi tambarin taurari, mai taurari da yawa ya fi tsimi. Ku masu fataucin kayan wuta kun ji wannan doka a jikinku, na sani. Sannan aka shiga dumsor, kalmar Tonanci mai nufin a kashe a kunna, daga 2012 zuwa 2016. A 2015 an kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Waɗanda suka toshe tagoginsu da gilashi mai zamewa don gayu sun gane kurensu a shekarar nan, masu tsohuwar taga mai fuka-fuki, wadda ake kira luba, su ne suka yi barci.

Daga wannan wahala sabon ƙarni ya taso. A 2009 masu zane da injiniyoyi suka kafa majalisar gini mai tsimin makamashi ta Gana, ƙungiya ce ta sa-kai, ba ma'aikatar gwamnati ba. A Kumasi kanta, misalin da za ka iya gani da idonka yana asibitin Komfo Anokye, wanda kowa yake kira Gee. Bayan wani ɗan jarida, Seth Kwame Boateng, ya nuna yadda jarirai suke mutuwa saboda cunkoso a 2017, aka yi gangamin tara gudummawa ƙarƙashin uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Rebecca Akufo-Addo, aka gina sabon sashen uwa da jariri, aka buɗe a farkon 2018. Ginin ya samu shaidar EDGE, wadda ba a ba gini sai ya rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari na wuta da ruwa da makamashin da kayan gini suke ci. A ƙauyen Abetenim, gabas da Kumasi, gidauniyar Nka ta yi shekaru tana haɗa ɗalibai 'yan sa-kai daga ƙasashe daban daban da maginan ƙauye suna gina ajujuwa da ɗakuna da ƙasa. Wasu matasa, Joelle Eyeson da Kwame de Heer, sun kafa kamfanin Hive Earth, suna dandaƙa ƙasa cikin allunan katako, bango ya fito da zane sahu sahu kamar dutse, har masu kuɗin Ankara suna nema.

Ina yaba musu, amma zan faɗi abin da na gani a cikin lamarin. Asibiti da makaranta da gidan mai kuɗi suna da mai zane. Ɗakin zango ba shi da shi. Mutum uku ne suke yanke hukunci a kansa: mai gida, birkila, kafinta. Ɗalibin da ya zo daga Turai ya yi wata biyu ya ɗauki hoto ya koma, ladansa yana nan, amma abin da ya rage a gari shi ne maginin da ya koyi aikin har ya iya cin abinci da shi. Kuma akwai haɗarin ƙasa ta zama kayan ƙawa na attajirai, talakan da ya gaje ta yana can yana cin bashi ya sayi siminti.

Inda aka fi gane wannan shi ne can Arewa, kan hanyoyin da kuke bi. A Gando, kusa da Tenkodogo a Burkina Faso, Francis Kéré, ɗan garin da ya fara da kafinta kafin ya yi karatu a Jamus, ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, mutanen gari maza da mata suka yi gayya. Dabararsa mai sauƙi ce: ya yi silin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, iska tana wucewa tsakani tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. A Boromo, wani manomi, Séri Youlou, da wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, suka kafa ƙungiya a 2000 mai koyar da rufin baka na tubali zalla, ba katako ba kwano, aikinta ya shigo har yankin Bolgatanga, kuma duk ƙarfinta kan yaye magina yake. A Nijar, Falke Barmou ya fara masallacin Yama na jihar Tawa a 1962 da hannun jama'ar gari, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa a 2018. In gidan da kake tara wa kuɗi yana Bawku ne ko Dori ko Madawa, waɗannan su ne abin koyinka kai tsaye.

In kuwa a Kumasi filinka yake, kada ka kwafo rufin baka ko soro, ruwan kurmi ba zai bar su ba. Abin da za ka ɗauko daga Gando shi ne ratar da ke tsakanin kwano da sili, da ƙofar da zafi zai fita ta sama. Abin da za ka ɗauko daga Besease shi ne gindi mai tsawo na dutse ko kankare, da rufin da ya zarce bango kamar kamu biyu. Kai makiyayi ba sai an koya maka ba, ka san saniya ba ta kwanciya inda iska ba ta kaɗawa, ka san bambancin inuwar tsamiya da ta rumfar kwano. Iskar Kumasi mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take zuwa, sai hunturu ya juyo da ita daga arewa maso gabas. Ɗaki yana son taga biyu a bango biyu, mashiga da mafita, taga ɗaya ado ce. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma, bangon yamma kuma a ba shi bishiya ko baranda, don ranar la'asar ita ce take dafa ɗaki har tsakar dare. Kwano mai haske ya fi mai duhu, komai kyan baƙi ko ruwan ƙasa a ido. Kuɗin sili sau ɗaya ake biya, mita kuwa kullum tana ci.

Gargaɗi ɗaya ga masu fili a gangare. Rafin Aboabo yana ratsowa ta Buokrom da Dichemso da Aboabo ya nufi Anloga, an matse shi da gini da shara, yana kuma ambaliya. Bangon ƙasa, ko an sa masa siminti, ba ya jure tsayuwar ruwa a gindinsa. Wanda filinsa yake inda ruwa yake kwana ya bar maganar bulon ƙasa, ya ɗaga gindi, ya nemi sanyinsa ta rufi da tagogi. Wanda yake kan tudu kuwa, ƙasar da ya haƙo daga ramin tushe da na masai tana iya zama rabin bangonsa, in ta dace. Ba kowace ƙasa ce take yi ba: mai yumɓu da yawa tana tsagewa, mai yashi da yawa tana marmashewa, baƙar ƙasar sama ta noma kuwa ba a gini da ita sam. Gwajin farko a gida ake yi. Ka zuba ƙasar a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka a tsakiya, yumɓu a sama, ka ga rabon kowanne da idonka. Ana son yashi ya rinjaya, yumɓu ya zama kaɗan, daidai abin da zai riƙe. In kana son tabbaci kafin ka sa kuɗin shanunka, ɗebi ƙasar a buhu ka hau motar Ejisu ka sauka a Fumesua, cibiyar tana da ɗakin gwajin ƙasa da na bulo. Ka tafi da birkilanka, don shi ne zai jera.